Daga Tatsuniya Zuwa Shafi Talatin da Biyu: Ƙirar Littafin Hoto na Yara da Gabatar da Shi ga Kamfanin Ɗab'i

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan yadda ake ƙera littafin hoto na yara ƙanana, da yadda ake kai shi gaban kamfanin ɗab'i. Abin da ta tsaya a kai shi ne, littafin hoto ƙira ce guda wadda kalma da zane da juya shafi suke raba aikin ba da labari a tsakaninsu, cikin adadin shafukan da injin bugu ya ƙayyade, kuma wannan ƙira ita ce kamfani yake saye ko ya ƙi. An kawo misalai daga tarihin wasu littattafai huɗu na Ingila da Amurka, sannan aka gwada ma'aunin a kan tatsuniyar Gizo da Giwa da Dorina domin a ga abin da zai sauya idan labarin baka ya koma littafin hoto.

1.0 Gabatarwa

Nazarin adabin yara a sassan Hausa ya fi karkata ga na baka: tatsuniya da kacici-kacici da waƙoƙin reno da wasannin dandali. Idan aka waiwayi rubutacce, sunayen da kan fara zuwa baki su ne Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, da jerin Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu, sai kuma Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya na farkon shekarun 1970. Da yawa daga cikin irin waɗannan littattafai suna ɗauke da zane, amma da za a cire zanen gaba ɗaya, labarin zai tsaya da ƙafarsa ba tare da ya rasa komai ba. An rubuta su ne domin yaron da ya iya karatu ko yake koyonsa a aji. Yaron da bai kai nan ba, wato ɗan shekara uku zuwa bakwai wanda ake karanta wa yana kallon shafi, kasonsa a rubutaccen adabin Hausa bai taka kara ya karya ba.

Ba rashin labari ne ya jawo haka ba. Kundayen digiri na sassanmu cike suke da tatsuniyoyin da ɗalibai suka tattaro daga bakin tsofaffi. Abin da akan gani shi ne, mai niyyar alheri ya zaɓi tatsuniya ɗaya, ya buga ta a kwamfuta shafi goma ko goma sha biyar, ya rubuta a ƙasa cewa hotuna za su biyo baya, ya miƙa wa kamfani, daga nan sai shiru. Sau da yawa yakan ɗauka raina harshen aka yi. Wani lokaci hakan ne, amma ko da Ingilishi ya rubuta, abin da ya miƙa bai zama littafin hoto ba tukuna.

2.0 Littafi mai zane da littafin hoto

A wannan maƙala, littafi mai zane shi ne wanda rubutu ya ɗauki labarin duka, zane kuwa ya maimaita wani yanki nasa. Littafin hoto shi ne wanda ba a samun cikakken labarinsa sai an haɗa abin da kunne ya ji da abin da ido ya gani. Perry Nodelman a Words About Pictures (1988), da Maria Nikolajeva da Carole Scott a How Picturebooks Work (2001), sun yi dogon bayani a kan wannan dangantaka. Su Nikolajeva sun nuna cewa zane yakan maimaita kalma, ko ya cike giɓin da ta bari, ko ya faɗaɗa ta, ko ya ba da wani labari a gefenta, ko ma ya ƙaryata ta.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne Rosie's Walk na Pat Hutchins, wanda aka buga a 1968. Rubutun littafin jimla ɗaya ce tal mai kalma 32, tana faɗin wuraren da wata kaza ta ratsa a yawonta cikin gona har ta komo gida. Babu inda aka ambaci yanyawa. Amma a kusan kowane shafi ga yanyawa nan a bayan kazar tana laɓaɓawa, kuma duk tsallen da ta yi don ta cafke ta sai wata masifa ta auka mata. Babban da yake karantawa bai faɗi labarin yanyawa ba, yaron da yake kallo shi ya gano shi, kuma daɗin littafin yana cikin wannan sanin da yaro ya riga kaza da mai karatu. A Where the Wild Things Are na Maurice Sendak (1963), zanen yana farawa ƙarami a tsakiyar farar takarda, yana girma yayin da yaron labarin yake nisa cikin duniyar tunaninsa, har ya cinye takardar duka a wasu shafuka shida a jere da ba su da kalma ko ɗaya, sannan ya sake tsukewa da yaron ya komo ɗakinsa. Girman zanen kansa yana cikin abin da ake faɗa.

3.0 Dalilin shafi talatin da biyu

Akasarin littattafan hoto shafi 32 ne, kuma wannan adadi daga maɗaba'a ya fito. Ba a buga littafi shafi-shafi. Ana buga babban fallen takarda ne mai ɗaukar shafi takwas a kowace fuska, a ninke shi sau uku, a yanke bakinsa, ya ba da shafi 16. Falle biyu ke nan suke ba da 32. Ana samun mai 24 ko 40 ko 48, amma wanda ya zo da labarin da sai shafi 35 zai ishe shi, ya zo da asarar takarda.

Cikin 32 ɗin ma ba duka ne na labari ba. Shafi na 1 na take ne, na 2 na bayanin haƙƙin mallaka da lambar littafi, na 3 kan tafi ga sadaukarwa ko maimaita take. Idan labari ya fara a shafi na 4 da na 5, ya ƙare a na 30 da na 31, an sami shafuka masu fuskantar juna guda 14, da shafi ɗaya tilo na rufewa. Waɗannan tagwayen shafuka, waɗanda za a kira buɗi a nan, su ne ma'aunin littafin hoto, kamar yadda baiti yake ma'aunin rubutacciyar waƙa. Kamfanonin Ingila da Amurka a yau sun fi son rubutun da bai wuce kalma 500 ba. Idan aka raba 400 a kan buɗi 14, kowane buɗi bai kai kalma 30 ba. Tatsuniyar da aka kwafo daga rikoda kuwa takan ninka wannan sau da yawa.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne yake hana edita barci. Ana samar da launuka ne ta hanyar buga tawada huɗu a kan juna: shuɗiya da ja-ja da rawaya da baƙa, kowace da farantinta. Littafi mai shafi 32 na baƙar tawada zalla faranti huɗu yake buƙata a babban inji, mai launi kuwa 16, ga takarda mai kauri wadda launi ba zai ratsa ba, ga ladan mai zane na watanni. Duk wannan ana biyansa ne kafin a sayar da kwafi ɗaya, kuma kuɗin faranti ɗaya ne ko kwafi 500 za a buga ko 20,000. Wannan ya sa hanyar da marubutan adabin kasuwar Kano suka bi tun daga shekarun 1980, ta marubuci ya buga littafinsa da kansa a kan takarda mai araha da baƙar tawada, ba ta ɗauki littafin hoto ba. Ƙagaggen labari yakan mayar da kuɗinsa da kwafi kaɗan. Littafin hoto sai an buga da yawa farashinsa yake saukowa inda uba zai iya saya.

4.0 Gwaji a kan tatsuniyar Gizo da Giwa da Dorina

A ɗaya daga cikin ruwayoyin wannan tatsuniya, yunwa ta sa Gizo ya karɓi bashin abinci a wurin Giwa a tudu, ya kuma karɓa a wurin Dorina a ruwa, ya yi wa kowacce alkawarin doki. Da lokacin biya ya yi, sai ya ba kowacce bakin igiya guda, ya ce dokin yana ɗaure a ɗaya bakin. Suka yi ta ja, kowacce tana mamakin ƙarfin dokin, har suka bi igiya suka haɗu.

Ga yadda za a iya shimfiɗa ta. Buɗi na 1 ya nuna fari da rumbu wayam da Ƙoƙi ta yi tagumi. Na 2 da na 3 Gizo a wurin Giwa, na 4 da na 5 a wurin Dorina, na 6 shagali a gidan Gizo, na 7 masu bin bashi sun aiko, na 8 Gizo yana tufka igiya, na 9 da na 10 yana miƙa bakunan igiyar, na 11 da na 12 ja, na 13 haɗuwa, na 14 farautar Gizo, shafi na 32 kuma ga shi can ya maƙale a kusurwar rufin ɗaki.

Abin lura na farko shi ne yawan abin da ya fita daga rubutu. Mai ba da tatsuniya dole ta faɗi cewa an yi yunwa, ta siffanta girman Giwa, ta tunatar da masu sauraro cewa babu wani doki. A littafin hoto duk wannan aikin zane ne. Abin da ya rage wa rubutu shi ne maganar Gizo, wato ƙaryarsa. A buɗi na 11, Giwa tana shafin hagu, Dorina tana na dama, igiya ta ratsa tsakiya, kowacce tana cewa wannan doki akwai taurin kai. Kalma ta ce doki, ido kuma ya ga Dorina. Yaro ya san abin da manyan dabbobin biyu ba su sani ba, daidai da matsayin mai kallon Rosie's Walk. Idan marubuci ya ƙara jimlar da take bayyana cewa ashe junansu suke ja, ya ƙwace wa yaron abin da ya kamata ya gano da kansa. Buɗi na 12 ma yana iya tafiya babu kalma, ko da amsa-kama guda ɗaya.

Na biyu shi ne juya shafi. A dandali, mai tatsuniya tana jan rai da yin shiru ko sassauta murya. A littafi, hannun da yake ɗaga takarda ne yake wannan aiki. Saboda haka tambaya ko barazana takan zauna a ƙarshen shafin dama, amsarta kuma a bayansa. Buɗi na 7 ya ƙare da Ƙoƙi tana tambayar Gizo inda zai samo doki har biyu. Ba a amsa ba sai an juya, a tarar da shi zaune cikin tarin rama yana tufka. Marubucin da ya sa tambaya da amsarta a buɗi guda ya zubar da wannan dama.

Na uku, abin da tatsuniya ta zo da shi wanda ya dace da littafin hoto tun asali: maimaici. Zuwan Gizo wurin Giwa da zuwansa wurin Dorina kusan kalmomi ɗaya ne, kuma bai kamata a sauya su don gudun maimaitawa ba, domin a karo na biyu yaro zai riga mai karatu faɗa. Haka amsa-kama irin su tinjim da ƙiƙam da tsamo-tsamo, waɗanda malamin insha'i kan rage, a nan su ne gishirin, tunda littafin da murya za a karanta shi. Mabuɗin “Ga ta nan, ga ta nanku” da marufin “Ƙurunƙus” suna iya zama a shafi na 3 da na 32 ba tare da sun ci wurin labari ba.

4.1 Abin da baki ya bari a buɗe, zane sai ya yanke

Akwai tambayar da tatsuniya ba ta taɓa buƙatar amsawa ba: mene ne kamannin Gizo? Yana noma, yana aure, yana zuwa fada, yana sa riga, amma kuma yana saƙa yana maƙalewa a bango. Mai sauraro yana riƙe da siffofin biyu a ransa ba tare da sun yi karo ba. Mai zane ba shi da wannan sarari. Ko dai ya zana gizo-gizo mai ƙafa takwas da hula, ko mutum siriri mai dogayen gaɓoɓi, ko wani abu a tsakani, kuma abin da ya zaɓa shi ne Gizon da dubban yara za su girma da shi. Haka Ƙoƙi, haka Dodo a wasu tatsuniyoyin. A ganina wannan shi ne wurin da masanin al'ada ya fi amfani ga mai zane, fiye da gyaran jimla. Shi zai faɗa masa bambancin rumbun ƙasa da na kara, da yadda zaure yake fuskantar hanya, da irin tulun da ake ɗaukar ruwa da shi, don kada a sami gidan Gizo ya fito da fasalin wata ƙasa dabam saboda mai zanen a intanet ya samo abin koyi.

Tsamin bakin Gizo ma matsala ce. A baka shi ne rabin dariyar. A rubuce kuwa, idan aka karkatar da haruffa domin a kwaikwaye shi, an ba yaron da yake fara gane kalmomi rubutun da ya saɓa wa ƙa'ida. Mafita mai sauƙi ita ce a rubuta maganar daidai, a bar ɗan bayani ga iyaye da malamai a ƙarshen littafi cewa mai karantawa ya saki bakinsa yadda ya gada.

Sai alƙiblar karatu. A boko ido yana tafiya daga hagu zuwa dama, don haka mai zane yakan sa mai tafiya gaba ya fuskanci dama, mai komowa ko mai tare hanya ya fuskanci hagu. A ajami abin ya juya, har bangon gaba ya koma na baya. Wanda yake da niyyar fitar da littafinsa a rubutun biyu, ganin cewa yara da yawa da allo suke fara sanin harafi, ya sani ba sauya rubutu kawai zai yi ba, sai an sake tsara zanen.

5.0 Littafin gwaji

Kafin a zana komai da launi, ana yin abu biyu. Na farko taswirar shafuka: takarda ɗaya da aka zana ƙananan akwatuna a kanta, kowane akwati buɗi guda, domin a ga littafin duka a kallo ɗaya. A nan ake gane cewa buɗi huɗu a jere duk mutum biyu ne a tsaye suna magana, ko kuma ƙololuwar labari ta zo da wuri. Uri Shulevitz ya yi bayanin wannan hanya dalla-dalla a Writing with Pictures (1985). Na biyu littafin gwaji: a ninke falle takwas na farar takarda gida biyu, a ɗinke tsakiya, a sami shafi 32, a yanka rubutun a manna kowane yanki a inda zai zauna, a yi zanen fensir ko da na kara-kara ne. Marubucin da bai iya zane ba shi ma ya yi wannan, don kansa. Sannan ya ba wani ya karanta wa yara da murya, shi kuwa ya koma gefe ya lura da inda mai karatu ya yi tuntuɓe, da inda yaro ya kai hannu zai juya shafi tun ba a gama ba. Littafin gwaji yana kuma nuna abin da ɗinkin tsakiya zai haɗiye. Igiyar Gizo tana iya ratsa shi, fuskar Gizo kuwa kada ta faɗa ciki.

6.0 Gaban edita

Tarihin The Tale of Peter Rabbit na Beatrix Potter ya ƙunshi kusan duk abin da mai gabatar da littafi zai tarar. Labarin zomon ya fara ne a wata wasiƙa mai zane da ta rubuta wa wani yaro ɗan shekara biyar a 1893. Da ta faɗaɗa shi ta aika wa kamfanoni, suka mayar mata da shi, har da Frederick Warne na Landan. Ita ƙaramin littafi take so, daidai hannun yaro, mai araha, wasu kamfanonin kuwa babba suke so. A Disamba 1901 ta buga kwafi 250 da kuɗinta, zanen ciki baƙi da fari. Warne suka sake dubawa, suka karɓa bisa sharaɗin ta mayar da zanen duka mai launi. Ta yarda da wannan, ƙaramin girman kuma ya tsaya yadda take so. Littafin ya fito a Oktoba 1902, bugun farko kwafi 8,000, ana sayar da mai bangon kwali sule ɗaya. Jayayyar tun daga farko a kan girma da launi da farashi take.

Eric Carle kuwa da labarin wata tsutsa mai huda takarda ya je wa editarsa Ann Beneduce. Ita ta ba da shawarar a mayar da ita tsutsar da take rikiɗa ta zama malam-buɗe-littafi, wanda ya ba labarin ƙarshen da ba shi da shi a da. Hujojin da ke cikin shafukan da bambancin faɗinsu suka sa bugun ya yi tsada a Amurka, sai a Japan aka buga The Very Hungry Caterpillar a 1969. Shi ma Sendak da dawakai ya fara, da ya ga zanen doki bai karɓe shi ba aka koma ga dodanni, a ƙarƙashin editarsa Ursula Nordstrom. A duka ukun, abin da aka kai wa kamfani ya sauya kafin ya fito.

Al'adar kamfanonin Ingila da Amurka a yau ita ce, marubucin da ba mai zane ba ne rubutu kawai yake aikawa, kamfani ne yake zaɓo mai zane, kuma sau da yawa su biyun ba sa haɗuwa. Wanda ya haɗa rubutunsa da zanen ɗan'uwansa ya ba edita dalili biyu na ƙi maimakon ɗaya. Bayani ga mai zane ba a sa shi sai inda ba za a fahimci labarin ba sai da shi, kamar a ce a nan babu doki, Dorina ce a ɗaya bakin igiyar. Wanda yake rubutu da zane duka yakan aika littafin gwaji cikakke da fensir, tare da buɗi biyu ko uku da aka kammala da launi. Manyan kamfanoni galibi ta hannun dillalin adabi suke karɓar aiki, shi kuma la'adarsa kashi 15 cikin ɗari ce. Daga sa hannu zuwa fitowar littafi shekara biyu ba abin mamaki ba ne.

Wasiƙar gabatarwa shafi ɗaya ce: labarin cikin jimla biyu ko uku har da ƙarshensa, shekarun yaran da aka nufa, adadin kalmomi, littattafan kamfanin da wannan zai zauna kusa da su, da ɗan abin da ya shafi marubucin wanda yake da alaƙa da aikin. Jerin muƙamai da takardun digiri ba su da aiki a nan.

A Nijeriya lissafin ya sha bamban. Kamfanonin da suka daɗe suna buga Hausa, irin su NNPC ta Zariya da aka kafa a 1966 da University Press ta Ibadan, kasuwarsu ta dogara ne a kan littattafan makaranta, don haka tambayar farko da edita zai yi ita ce wace ma'aikatar ilimi ko wane shiri ne zai sayi littafin da yawa. Kamfanoni irin su Cassava Republic ta Abuja suna buga littattafan hoto, amma akasari da Ingilishi. Shirye-shiryen koyar da karatu da Hausa, kamar Mu Karanta a jihohin Bauchi da Sakkwato, sun samar da littattafai masu zane, sai dai an gina su ne a kan matakan koyon harafi da gaɓa, wanda manufa ce dabam. Saboda haka mai gabatar da littafin hoto na Hausa yakan zo da mai zanensa, saɓanin al'adar Turai, kuma dole wasiƙarsa ta amsa tambayar mai saye.

Akwai hujja guda da take hannunsa wadda ba a cika amfani da ita ba. Idan rubutun duka da baƙar tawada aka yi shi a kan fili mai haske, ba a saƙa shi cikin zanen ba, to farantin baƙi kaɗai ake sauyawa a fitar da littafin a wani harshe, farantan launi uku suna nan yadda suke. A kan wannan dabara cinikin haɗin gwiwar bugu ya ginu a kasuwar baje kolin littattafan yara ta Bolonya a Italiya, wadda ake yi tun 1964. Da ita, zane guda zai ba da bugun Hausar Nijeriya mai 'y, da na Nijar mai ƴ, da na Fulfulde da Kanuri da Zabarmanci, a bugu ɗaya mai yawa wanda zai sauko da farashin kowane kwafi. Sharaɗinsa shi ne mai zane ya bar fili isasshe, tunda tsawon jimla yana bambanta daga harshe zuwa harshe, kuma a zaɓi salon haruffan da yake da ɓ da ɗ da ƙ tun farko. Andika, wanda ƙungiyar SIL ta tsara domin masu koyon karatu, yana da su duka kuma kyauta ne.

7.0 Yarjejeniya

A Ingila da Amurka kason da ake warewa daga kuɗin littafi mai bango mai kauri yakan kai kashi 10 cikin ɗari, marubuci da mai zane su raba daidai, tare da kafin alƙalami da ake cirewa daga wannan kaso daga baya. A nan gida an fi biyan mai zane sau ɗaya a sallame shi. Idan haka za a yi, a rubuta a fili wa ya mallaki zanen bayan biya, kuma ko ana iya amfani da shi a bugun wani harshe, domin hujjar haɗin gwiwar bugu da aka kawo a sama tana rushewa idan haƙƙin zane da na rubutu suna hannu biyu da ba su yi yarjejeniya ba. A kuma rubuta ƙasashe da harsunan da aka ba kamfani, da lokacin da haƙƙi zai komo wa mai shi idan littafin ya ƙare a kasuwa ba a sake bugawa ba. Warne ba su yi wa Peter Rabbit rajistar haƙƙin mallaka a Amurka ba, aka yi ta buga shi a can ba tare da Potter ta sami ko kwabo ba.

Wanda ya zaɓi ya bi ta dandalin African Storybook na cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu, ko StoryWeaver na Pratham Books ta Indiya, waɗanda dukansu suna ɗauke da labarai da Hausa, zai sami masu karatu da masu fassara ba tare da jiran edita na kasuwa ba. Sai dai lasisin Creative Commons da ake sakin littattafan a ƙarƙashinsa yana ba kowa damar kwafa da fassarawa da bugawa muddin ya ambaci mai aikin, kuma ba a janye shi bayan an bayar. Littafin da aka saki ta nan, da wuya wani kamfani ya sake zuba kuɗin faranti 16 a kansa, sai fa in wata ma'aikata ko ƙungiya ce ta yi odar kwafin tun kafin a buga.